Rigakafi ba alƙali ba ne

Babu karin maganar da ya samu karɓuwa a ƙasar Hausa kamar wanda ke cewa rigakafi ya fi magani. Malami ya yarda da shi, likita ya yarda, tsohuwar da ba ta taɓa shiga lakwal ba ita ma ta yarda. Da shi ake kiran uwaye su kawo yara allurar ƙyanda da ta sanƙarau, da shi ake rarraba gidan sauro a bakin damina. Amma da zarar an ambaci ciwon sida, aka kuma haɗa shi da wasu mutanen da ba mu son a ambata a gaban manya, sai karin maganar nan ya maƙale mana a wuya, kowa ya sunkuyar da kai yana jiran a sake zance. Ni kuwa a ganina wannan shirun yana kashe mutane, kuma cikin waɗanda yake kashewa har da matan aure da jarirai waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Mutanen da nake nufi su ne maza masu tarayya da maza ƴan'uwansu, da waɗanda aka haifa maza amma suke rayuwa irin ta mata. Kada wani ya ce baƙi ne. Kalmar ɗan daudu Hausa ce tsantsa, ba daga Faransa aka yi safararta ba. Duk wanda ya taɓa cin abinci a tashar mota a Maraɗi ko Damagaram ko Kano ya san su. Kuma ba kowane ɗan daudu ne ke wannan harka ba, haka nan mafi yawan masu yinta ba ƴan daudu ba ne: akwai mai shago, akwai ɗalibi, akwai magidanci mai mata da ƴaƴa, wanda in ka gan shi a wurin ɗaurin aure ba abin da zai raba shi da na kusa da shi. Hukumar ONUSIDA ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2022 haɗarin kamuwa da ƙwayar cutar sida a wurin irin waɗannan maza ya ninka na sauran jama'a sau 23. A Najeriya, inda binciken ƙasa na 2018 ya samu cutar a jikin mutum 14 cikin 1000, binciken da aka yi a kan waɗannan maza kaɗai ya samu kashi 13 da rabi cikin ɗari a 2007, kashi 17 a 2010, kusan kashi 23 a 2014. Wato yayin da wutar ke lafawa a gari, a wannan lungu ƙara ruruwa take yi.

To, akwai ruwan kashe ta. Likitoci na taƙaita sunansa da PrEP, ma'anarsa rigakafi kafin haɗuwa da cuta. Ƙwaya ce guda mai haɗe da magani biyu, tenofobir da emtirisitabin, wadda mutumin da ba shi da cutar yake sha. In ƙwayar cutar ta shiga jikinsa sai ta tarar da maganin ya riga ta, ya hana ta hayayyafa, ta mutu ba ta kafu ba. Sharaɗinsa a auna jini a tabbatar mutum ba ya ɗauke da cutar kafin ya fara, a kuma riƙa sake awon duk bayan wata uku. Ba ya tsare mutum daga ciwon sanyi ko tunjere, wannan aikin hular roba ne. Amma a kan sida, shaidarsa ta yi ƙarfin da ba a musu. A 2010 aka bayyana sakamakon gwajin iPrEx, wanda aka yi da mutum 2499 a ƙasashe shida, daga Peru har Tailan da Afirka ta Kudu: kamuwa ta ragu da kashi 44 cikin ɗari a jimla, ta ragu da sama da kashi 90 a wurin waɗanda aka samu maganin a jininsu, wato waɗanda suka sha da gaske. Amurka ta halatta shi a 2012. A 2015 gwajin Ipergay na Faransa da Kanada ya nuna ba dole sai kullum ba: namiji na iya shan ƙwaya biyu tsakanin awa 2 zuwa 24 kafin saduwa, ya sha ɗaya bayan awa 24, ya ƙara ɗaya bayan awa 48, kuma kamuwa ta ragu da kashi 86. A wannan shekarar ce hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ba da shawarar a ba da shi ga duk mai fuskantar babban haɗari.

Mai karatu na iya cewa wannan duk labarin ƙasashen Turawa ne. To, mu dawo gida. Daga 2017 hukumar binciken sida ta Faransa, ANRS, tare da ƙungiyoyin gida, ta bi maza 598 a birane huɗu na maƙwabtanmu: Bamako, Abijan, Wagadugu da Lome. An ba kowa zaɓi, ko ya sha kullum, ko ya sha lokacin buƙata. Kusan uku cikin huɗu suka zaɓi na lokacin buƙata. Kafin a kawo rigakafin, cikin irin waɗannan maza a biranen nan, mutum 10 cikin ɗari ke kamuwa kowace shekara. Bayan an kawo shi lissafin ya sauko zuwa 2 da ɗan kai. A nan yankinmu aka yi wannan, a cikin irin talaucinmu da irin zafin idon jama'armu, kuma ya yi aiki.

Zaɓin da mutanen nan suka yi ya cancanci a tsaya a kansa, domin a cikinsa matsalar take. Me ya sa mutum zai bar hanya mai sauƙin tunawa, ƙwaya ɗaya kowace safiya, ya ɗauki mai lissafin awoyi? Masu binciken kansu sun ga cewa masu shan na lokacin buƙata sun fi kuskure ƙa'ida. A ganina amsar tana cikin ɗakin kwana. Ƙwayar rigakafin nan ita ce dai ɗaya daga cikin magungunan da masu ɗauke da cutar ke sha. Saurayin da ke kwana ɗaki ɗaya da ƙannensa huɗu, ina zai ajiye kwalbar? Magidancin da matarsa ke share ɗaki tana kakkaɓe aljihun riga kafin wanki, me zai ce mata? Duk wanda ya ga kwalbar ɗayan biyu zai ɗauka: ko mai ita yana da sida, ko kuwa yana yin abin da ke kawo ta. Kowane ɗaya ya isa ya raba mutum da gidansu. Saboda haka mutanen nan suka zaɓi hanyar da ta fi rage yawan ƙwayoyin da za a iya gani a hannunsu, ko da ta fi wuyar riƙewa. Rufin asiri suka saya, suka biya da wani ɓangare na tsaron jikinsu.

Masu haɗa magani sun ji wannan kuka. A 2020 gwaji ya nuna allurar kabotegirabir, wadda ake yi sau ɗaya cikin wata biyu, ta fi ƙwayar sha tsarewa. A 2024 aka zo da wadda ta fi ta: lenakapabir, allura biyu kacal a shekara, a ƙarƙashin fata. Cikin mata sama da 2000 da aka yi wa ita a Afirka ta Kudu da Uganda ba wadda ta kamu ko ɗaya. Cikin maza masu tarayya da maza da masu rayuwar jinsin da ba nasu na haihuwa ba, su ma sama da 2000, mutum biyu suka kamu. Amurka ta halatta ta a watan Yuni na 2025, OMS ta ba da shawararta a watan Yuli. Kuɗinta a Amurka ya haura dalar Amurka 28000 a shekara, sama da miliyan 15 na sefa. Amma a watan Satumba na 2025 aka ƙulla yarjejeniya da kamfanonin Indiya cewa daga 2027 za su sayar da irinta ga ƙasashe 120 masu ƙaramin ƙarfi a kan dalar Amurka 40 a shekara, wato jika ashirin da ƴan kai. Ba kwalba, ba ɓoyo a ƙarƙashin katifa, ba lissafin awoyi. Sai dai allura ba ta yin kanta. Dole mutum ya taka ya je gidan likita, ya faɗi abin da ya kawo shi. Ta kawar da tsoron gida, ta bar tsoron bakin ƙofar asibiti yadda yake. Wannan ƙofar kuwa ba kamfanin Indiya ne ke tsaronta ba, mu ne.

A nan ne masu ja da wannan magana ke tasowa, kuma ya kamata a saurare su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko ya ce: ba wa mai saɓo rigakafi ƙarfafa masa gwiwa ne ya ci gaba. Wannan magana mun taɓa jin ta, da kalmominta, lokacin da aka fara tallar hular roba ta Foula a ƙasar nan. Duniya ba ta tashi ba, kuma binciken ƙasa ya samu cutar a jikin mutum 7 cikin 1000 a 2006, ya samu 4 cikin 1000 a 2012. Ban da haka, tsoron sida ya yi shekara arba'in yana yawo a duniya, bai hana kowa abin da ya yi niyya ba. Abin da ya yi kawai shi ne cika maƙabartu. Wanda ke son mutum ya tuba, ai yana bukatar mutumin da ransa, gawa ba ta jin wa'azi. Ban roƙi malami ya sauya fatawarsa ba, kuma ba ni da hurumin haka. Abin da nake tunatarwa shi ne malaman fiƙihu da kansu sun lissafa kiyaye rai cikin manyan manufofin shari'a, kuma addini ya hana bin diddigin asirin mutane da tona su. Direban da ya sha giya ya faɗa rami, ana ɗora masa karaya kafin a tambaye shi me ya sha. Mai shan taba da huhunsa ya lalace ba a korarsa daga asibiti. Likita aikinsa jiki, alƙali aikinsa hukunci, kuma ranar da muka ɗora wa likita rawanin alƙali, ranar ce marar lafiya zai daina faɗa masa gaskiya, alhali ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na biyu ya ce: makircin Turawa ne, su suka kawo ɗabi'ar, su suka kawo maganinta. Zargin magungunan waje yana da tushe, ba zan raina shi ba. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara 200, inda aka ba kusan rabinsu maganin, cikin annobar sanƙarau, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a. Shi kansa tenofobir, a 2005 gwamnatin Kamaru ta dakatar da gwajinsa a kan mata masu zaman kansu a Duwala, saboda ƙorafin cewa ba a tanadar wa waɗanda za su kamu cikin gwajin kulawar da ta dace ba. Darasin waɗannan shi ne mu sa ido, mu yi tambaya, mu auna da likitocinmu. Amma tenofobir ɗin nan shi ne miliyoyin ƴan Afirka masu ɗauke da cutar ke sha kowace rana suna rayuwa, har da ƴan'uwanmu a Yamai da Tawa. In guba ne, me ya sa muke ba mai ciwo? In kuwa magani ne, me ya sa muke hana wa mai lafiya ya tsare lafiyarsa?

Akwai ma abin da ya kamata mai wannan zargi ya sani. A watan Janairu na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da taimakon da take bayarwa a waje, har da shirin PEPFAR, wanda tun 2003 yake ɗauke da babban kaso na yaƙi da sida a Afirka. Da ta sassauta a watan Fabrairu, sai ta ce da kuɗinta ba za a ba kowa wannan rigakafi ba sai mata masu ciki da masu shayarwa. Ashe mai ihu a kan makircin Turawa da mai riƙe da jakar kuɗi a Washinton bakinsu ya zo ɗaya: a bar mutanen nan su kamu. Wanda ke alfahari da ƴancin kai, ya dubi da wa ya yi tarayya. Ƴancin kai na gaskiya shi ne ƙasa ta tsara wa ƴaƴanta lafiya da lissafinta, kada zaɓen wata ƙasa ya zama shi ke yanke wanda zai rayu a cikinta.

Na uku ya ce: su nawa ne ma? Ga zazzaɓin sauro, ga tamowa, ga mata na mutuwa wurin haihuwa, sai mu kwashi kuɗi mu ba ƴan tsiraru? Wannan ya fi sauran nauyi, amma lissafinsa ya juya. Ƙasar da cutar ba ta yi yawa a cikinta ba, kamar tamu, ita ta fi kowa cin ribar rigakafin da aka nufa inda wutar take. Tsare mutum na wasu shekaru, lokacin da yake cikin haɗari, ya fi arha a kan ba shi magani har ƙarshen ransa. Kuma wutar ba ta tsayawa a lungunta. Da yawa daga cikin mazan nan suna da mata, ko za a yi musu aure, domin a ƙasarmu namiji ba ya zama gwauro a bar shi ya huta. Ga hanyar Maraɗi zuwa Katsina da Kano ba ta kwana, ga samarin Adar da ke tafiya cirani Abijan suna dawowa da damina. Yarinyar da aka kai ɗakinta da buɗurcinta, ta wayi gari da cutar, ta sa wa jaririnta a nono, wace fatawa ce ta hukunta ta? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na huɗu ba ya jayayya, doka yake nema. Shi ma akwai abin da aka auna. A watan Janairu na 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi ɗaya, da shekara 10 ga mai kafa ƙungiyarsu ko mai goya mata baya. A lokacin akwai masu bincike da ke bin ɗaruruwan irin waɗannan maza a Abuja. Kafin dokar, kashi 25 cikin ɗari suka ce suna tsoron zuwa neman magani. Bayan dokar suka zama kashi 38. Dokar ta kore su daga asibiti, ba ta kore su daga juna ba. Yanzu kuma biyu daga cikin biranen huɗu da suka nuna mana rigakafin na aiki sun bi wannan hanya: Mali a ƙarshen 2024, Burkina a watan Satumba na 2025 da ɗaurin shekara 2 zuwa 5. Kowace ƙasa da majalisarta, da abin da ta ga ya dace da ita. Amma duk mai rubuta irin wannan doka, in har lafiyar jama'a na gabansa, wajibi ne ya ware gidan likita ya ce nan ba a kama kowa, littafin likita ba shaidar kotu ba ne, mai rarraba magani ba mai laifi ba ne. In bai yi haka ba, ƙwayar cutar ce ya yi wa doka, ita ta samu mafaka.

Ƙungiyoyin taimako su ma suna da nasu kason. Sun saba da tarurruka a manyan otal na Yamai, da jawabi cikin faransanci, da jerin haruffan da mutumin da ake magana a kansa bai taɓa kiran kansa da su ba. Su buɗe cibiya su liƙa mata allon da duk unguwa ta san me ake yi a ciki, sannan su yi mamakin ba a zuwa. Su miƙa wa mutum takarda ya rubuta sunansa da unguwarsa da irin wanda yake kwana da shi, don a cika rahoton mai ba da kuɗi. Wanda ya ƙi ajiye kwalba a ɗakinsa, shi ne zai ajiye asirinsa a cikin kwamfutar wani? Abin da mazan Bamako da Lome suka koyar shi ne a tambayi mutum abin da zai iya ɗauka, a ba shi, in halinsa ya sauya a bar shi ya sauya.

Abin da ake nema ba shi da yawa. A sa rigakafin cikin ayyukan gidan likita na kowa da kowa, ta yadda mai shiga ba a san ko tari ya kawo shi ba. A bar tambaya guda: kana ganin kana cikin haɗari? In ya ce i, a auna jininsa a ba shi, ko direban babbar mota ne, ko matar da mijinta ke ɗauke da cutar, ko mai zaman kanta, ko ɗan daudu. A ba da zaɓi tsakanin ƙwayar kullum, da ta lokacin buƙata ga mazan da ta dace da su, da allura in ta iso. A koya wa ma'aikatan lafiya cewa tona asirin marar lafiya cin amana ne da ke da hukunci, a kuma hukunta wanda ya yi. A yi bayanin cikin Hausa da Zabarmanci, da bakin mutanen da masu buƙatar suka amince da su. Sannan ma'aikatar lafiya ta shirya tun yanzu, kafin 2027, ta sa allurar nan cikin kasafinta, kada ranar da ta yi arha ta zo ta same mu muna gardamar ko mutanen nan akwai su.

Akwai su, kuma ƴaƴan wasu ne a cikinmu. Uwar da ɗanta ya rame ya mutu aka ce mata taifot ne, ba ta tambayi ra'ayin kowa a kan ɗabi'arsa ba, ɗanta take so. Hisabi na Allah ne, Shi ya san abin da ke cikin kowane ɗaki. Abin da aka ɗora mana mu shi ne kada rai ya salwanta alhali maganin tsare shi yana cikin akwati, mu kuma muna zaune a kan murfin. Allah ya ba mu ikon gyarawa.